JARIRIN BATURE CIKIN ƘANƘARA, NAMU A BARANDAR MAKARANTA

Rubutun yau mai tsawo ne, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Duk shekara da zarar hunturu ya kama sai wannan bidiyon ya dawo yana yawo a Facebook da WhatsApp: kekunan jarirai jere a ƙofar gidan shan shayi a Denmak ko Finlan, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, jariran na ciki suna ta barci, iyayen suna cikin gini suna hira. Nan take sai mutanenmu su rabu gida biyu. Wasu su ce, "Kai, Turawa ba su da imani, ba su san darajar ɗa ba." Wasu kuma, galibi irinmu 'yan boko, su ce, "Ai wannan shi ne wayewa, mu ne ke lalata yara da ɗumi, sanyi ƙara lafiya yake yi."

Ni duka ɓangarorin biyu haushi suke ba ni. Dalili kuwa, a daren nan da muke ciki akwai jarirai a Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda da za su kwana waje cikin ɗari. Ba barcin rana na awa biyu ba, kwana har asuba. Babu keke, babu bargon kirki, daga su sai zanen uwarsu. Mun iya jin tausayin ɗan Bature da ke cikin rigar ulu a wata ƙasa mai nisan dubban kilomita, amma wanda ke kwance a barandar firamaren unguwarmu mun saba da ganinsa har ya zama kamar wani ɓangare na ginin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari mu fara da abin da ke cikin bidiyon, don mai zagi da mai yabo duk ba su tsaya sun san shi ba.

Gaskiya ne a Finlan da Denmak da Norwe da Suwidin ana kwantar da jarirai barcin rana a waje, har cikin tsananin sanyi. A Finlan al'adar ta samu gindin zama ne tun wajajen shekarun 1920, lokacin da wani likitan yara mai suna Arvo Ylppö ya riƙa jan hankalin iyaye su fitar da yara su sha iska su samu hasken rana. A wancan zamanin ƙasar matalauciya ce, gidaje a cunkushe, tarin fuka na ta kisa. A shekarun 1930 jarirai kusan 65 cikin kowane 1,000 ne ke mutuwa kafin su cika shekara. Wato su ma sun taɓa zama inda muke.

To, me suka yi? Ba fitar da yara waje kawai suka yi suka naɗe hannu ba. A 1938 gwamnatinsu ta fara ba mata masu ƙaramin ƙarfi wani kwali na kayan haihuwa, a 1949 kuma aka ce kowace mai ciki ta cancanta, da sharaɗin ta je awon ciki kafin cikin ya wuce wata huɗu. Cikin kwalin akwai kayan sawa, hular sanyi, safa, rigar sanyi mai rufe jiki gaba ɗaya, jakar barci mai kauri, da 'yar katifa, kwalin kansa kuma ya zama gadon jariri. Har yau ana bayarwa. Wani binciken da aka yi a Jami'ar Oulu da ke arewacin ƙasar ya nuna iyaye na fara fitar da jariri tun yana da kamar mako biyu, kuma yaran sun fi daɗewa suna barci a waje. Amma ka duba yadda ake yi: kaya bisa kaya, keke mai rufi da ke tare iska, na'urar da ke kai wa uwa kukan ɗanta, kuma ana leƙa shi a kai a kai. Yaron ya ƙoshi, an yi masa rigakafi, asibiti na kusa.

Yau a Finlan yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar ba su wuce biyu zuwa uku cikin 1,000 ba. A Najeriya, ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta ba da 132 cikin 1,000, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma ya zarce hakan. Malam mai cewa ba su san darajar ɗa ba, ka sake duba lissafin nan da kyau kafin ka sake buɗe baki.

Kai kuma mai cewa mu kwaikwaya, ga naka. A 1997 wata 'yar Denmak ta je birnin New York na Amurka, ta bar ɗiyarta 'yar wata 14 cikin keke a ƙofar gidan cin abinci, tana hangenta ta taga, kamar yadda ake yi a garinsu. 'Yan sanda suka kama ta, aka karɓe yarinyar na wasu kwanaki kafin a mayar mata. Bature ne fa ya kama Baturiya. Al'ada ba ta tafiya ita kaɗai, tana tafiya ne da ƙasar da ta tsiro a kai. Abin da ke riƙe da keken nan a ƙofar shago abu uku ne: sutura, asibiti, da aminci. Na ukun shi ne babba. Matar nan ta shiga ta zauna ne saboda ta tabbata babu mai taɓa mata ɗa.

Mu kuwa fa? Magidanci da gemunsa ba ya iya zuwa gonarsa ta bayan gari da kwanciyar hankali. Mutanen Dauran da Moriki da Kwashabawa, da na Badarawa da Kware da Jangeru, da na Kurya Madaro da Banga, ba sai an ba su labari ba. A watan Yunin 2021 an kashe mutane da dama a Kadawa da ƙauyukan kewayenta a ƙasar Zurmi. Cikin Disambar 2023, tsakiyar hunturu, garin Zurmi kansa ya sha hari, mata suka kwashi 'ya'ya suka fita. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Kaura zuwa Zurmi, kowa ya san da irin addu'ar da ake hawansu. A irin wannan ƙasar ne wani zai zauna yana yi mana lacca kan amfanin barcin jariri a waje?

Yadda namu ke kwana waje daban ne. Labari ya zo da magariba cewa an ga babura. Mace ta saɓa goyo, ta ja na hannu, ta bar tukunya a kan wuta. In daji suka shiga, ko ashana ba a ƙyastawa, don haske shi ke tona asiri. In Allah Ya kai su gari, masaukinsu kango ne wanda ba ƙofa ba taga, ko ajin makarantar da iska ta ɗebe wa kwano, ko rumfar kasuwa, ko tasha. Wasu ƙauyukan ma abin ya zama aikin kullum: a shigo gari da yamma a kwana, a koma da safe. Mafi yawansu ba su cikin wani sansani da hukuma ta san da shi, saboda haka babu sunansu a takardar kowa. Duk wanda ke fita sallar asuba a garuruwan nan uku ya gan su, a dunƙule jikin bango, an shimfiɗa buhu a kan siminti.

Wani zai ce ai sanyinmu bai kai nasu ba, mu ko ƙanƙara ba mu da ita. Haka ne. Daren hunturu a nan yakan sauka ƙasa da digiri 15 ne kawai. To amma jariri ba ƙaramin babba ba ne. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin da sabon haihuwa yake kada ya gaza digiri 25. Kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, ta nan ɗumi ke zurarewa. Ba shi da kitsen kirki, kuma ba ya iya karkarwa kamar ni da kai don ya ɗumama kansa. Siminti na zuƙe ɗumin jiki, jiƙaƙƙen zane ya fi shi zuƙa, iska ta zo ta ƙarasa. Ɗan Finlan cikin jakar barcinsa a tsakiyar ƙanƙara ya fi ɗan Zurmi da ke kan buhu jin ɗumi. Wannan ita ce maganar, komai ɗacinta.

Ga kuma yunwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu. Fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Yaron da tamowa ta kama ba shi da abin da jikinsa zai ƙona ya samar da zafi. Sanyi na kama shi, sukarin jininsa ya faɗi, ya yi laƙwas. Ko kuka ba ya yi sosai. Uwa ta ɗauka barci yake. Da safe a ce kwana ya ƙare.

Yanzu bari in juyo kanmu mu masu ɗaki da ƙofa, don kada mu ɗauka mun tsira.

Mu a wajenmu maganin sanyi shi ne a toshe ko'ina. A rufe taga, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a shigo da kaskon garwashi ɗakin mai jego, a zuba turaren wuta, a kwanta. Wasu ma kara ko itace suke hurawa. Niyyar mai kyau ce, babu kakar da ke nufin jikanta da sharri. Amma garwashin gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya yi barcin da ba tashi. Babba ma tana kayar da shi, balle ɗan kwana bakwai. Hayaƙin kuma yana illata huhun yaro a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin yara ƙanana da ciwon huhu ke kashewa a duniya, hayaƙin cikin gida na da hannu a ciki. UNICEF kuma ta ce a 2018 nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. In yaro ya fara tari sai mu ce sanyi ya shige shi, mu ƙara garwashi, mu ƙara toshe taga.

Kuma mun manta da 2017? Annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 1,000 a Najeriya, daga ƙasar Zurmi aka fara ganin ta a ƙarshen 2016. Ƙurar hunturu na busar da hanci da maƙogwaro, mutum goma su cunkushe a ɗaki ɗaya ba iska, cuta ta samu hanya.

To ka ga inda Finlan ta fi mu ke nan. Su suna ɗumama jikin yaro su bar masa iska mai tsabta. Mu muna ɗumama ɗaki da hayaƙi mu bar yaro da 'yar shimi. Sai kuma da sassafe, rana ko fitowa ba ta yi ba, a tuɓe shi tsirara a tsakar gida a yi masa wanka, iska na kaɗawa, wai don ya yi ƙwari. Ruwan zafi ne, na yarda, amma tsakanin fitowa daga roba da sa riga fa?

Kada kuma wani ya ji haka ya ce to a fitar da yara waje su sha iska. Iskar hunturunmu cike take da ƙura daga Sahara, rannan da hazo ya sauka ko babba tari yake yi. Abin da ya dace da mu daban ne, kuma abin mamaki, muna da shi tun kaka da kakanni: goyo. Jikin uwa ya fi kowane keke. A 1978 likitoci a birnin Bogota na Kolombiya, da suka rasa isassun kwalaben saka bakwaini, sai suka fara ɗaure jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a sa masa hula a lulluɓe su tare. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a fara yi wa bakwaini da ƙananan jarirai hakan tun daga haihuwa. Babu lantarki a ciki, babu janareta. Matar da ke kwana a kango ma za ta iya, in an gaya mata, in kuma an ba ta bargon da za ta rufa.

Saboda haka, iyayenmu mata da ƙannenmu, don Allah ku riƙe waɗannan:

Sabon haihuwa a goge shi a busar da shi nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a jinkirta wanka har kwana ɗaya. Cikin hunturu a yi wanka da hantsi, cikin ɗaki, a gaggauta. Hula da safa dare da rana. Kada a kwantar da shi a kan siminti ko jiƙaƙƙen zane. In an shigo da garwashi don ɗumama ɗaki, a fitar da shi kafin a kwanta, kuma a bar kafar iska. Nono a kai a kai, shi ma ɗumi ne. In kin taɓa cikinsa da ƙafarsa kin ji sanyi, ki sa shi a jikinki. In ya ƙi kama nono, ko yana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ba maganar jiƙo ko man zafi ba ce, asibiti za a nufa. Numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan ƙasa da wata biyu, ko 50 ga wanda bai cika shekara ba, alamar haɗari ce. Rigakafin nimoniya kuma na cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta, a kai su.

Sai manya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekara kusan ashirin ina ganin yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur. Na sha ganin an rubuta neman barguna ga 'yan gudun hijira cikin Nuwamba, takardar ta kwanta a wani ofis ana jiran sa hannu, kaya su iso cikin Maris lokacin da mutane ke neman inuwa. A tara mata cikin rana, a ɗauki hoto, a sa a labarai. Hunturu ba ambaliya ba ce da za a ce ta zo ba zato. Kowa ya san daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Me zai hana tun Satumba kowace ƙaramar hukuma ta ƙidaya masu ciki da masu goyo da ke zaune a kangaye da makarantu? Masu unguwanni sun san su ɗaya bayan ɗaya. Me zai hana a sa ƙyaure da taga a azuzuwan da suke kwana, ko da na langa-langa ne? Me zai hana kowace mace da ta zo awon ciki a asibitocin Kaura da Shinkafi da Zurmi ta koma da ƙunshin bargo da hula da safa da tabarma? Finlan ta fara nata ne tana matalauciya, kuma kwalin ne ya jawo mata zuwa asibiti.

'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, kun iya buga atamfa da hotonku in zaɓe ya matso. Bargo ma ana buga masa hoto, ku buga, ba mu damu ba, in dai zai rufe yaro. Hukumar Zakka da Waƙafi, jiharmu na cikin na farko da suka kafa irinta a ƙasar nan, wa ya fi mai jegon da ta baro gidanta da zane ɗaya cancanta? Malamanmu masu huɗuba, Juma'a ɗaya cikin hunturu a ware ta ga haƙƙin maƙwabci da jaririnsa. Attajiranmu na kasuwar Shinkafi da Kasuwar Daji da cikin Kaura, dila ɗaya ta gwanjon kayan sanyin yara za ta suturta unguwa guda. Mu kuma masu albashi, kuɗin ankon suna ɗaya da matanmu ke yi ya isa ya rufa wa jarirai da yawa asiri. A kowane gidanmu akwai akwatin kayan da yaranmu suka girme wa, muna ajiye da su kyankyaso na ci.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce matsalar tsaro ce, sai an gama da ita. Tabbas ita ce uwar matsala, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu a kai ba, don babu bargon da ya kai mace ta kwana ɗakinta. Amma fiye da shekara goma ke nan muna jira. Jaririn da aka haifa jiya a kango ba zai iya jiran a gama da daji ba, daren yau ne matsalarsa. Za a ce ajali ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma duk mai faɗin haka ɗansa na sanye da hula da safa, kuma in ya yi tari asibiti yake kai shi da gudu. Za a ce in aka taimaka musu ba za su koma ƙauye ba. Wallahi wannan maganar wanda bai taɓa kwana a kan siminti ba ne. Wa zai bar gidansa da rumbunsa da akuyarsa saboda bargo?

Ɗa na kowa ne, haka muka taso muna ji. In da gaske muke, to gobe da asuba in ka fito masallaci, kada ka kawar da kai. Ka ƙidaya masu goyon da ke kwana a kangon layinku, ka gaya wa mai unguwa da limami, ka koma gida ka ce a buɗe akwatin nan. Mutanen Gusau da Kano da Kaduna da Abuja 'yan asalin yankin nan, ku nemi amintaccen ɗan uwa a gida ku turo ta hannunsa, ku ce ya kai da kansa. Wanda ya tura bidiyon Turawa yana dariya ko yana yabo, ya tura wannan ma.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya raya mana zuri'a. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, manya da ƙanana, Allah Ya jiƙansu. Amin.